Mage Ba Ta da Kasuwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Shuwarin ranar Litinin ya ga yadda ake duba dabba. Mai saye zai kama rago ya buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora, ya danna gadon bayansa ya ji ko akwai nama, ya ɗaga jela, ya leƙa fatar ido ya ga ko da jini a jikinsa, sannan ya sa a ja shi taku biyu ko uku don ya tabbatar ba ya ɗingishi. Ba a aji aka koya masa wannan ba. Haka ake yi a Gujungu ranar Lahadi, haka ake yi a Maigatari ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma ke shigowa daga Nijar. Mutanen Jigawa sun iya karanta jikin dabba, sun iya gane wadda ciwo ke ci tun kafin ta kwanta, domin dabbar kuɗi ce a tsaye da ƙafa huɗu. Saniya ta ƙi cin dusa kwana ɗaya, kafin magariba an kira malamin dabbobi.

Mage ba ta cikin wannan lissafi. Ba a kai ta kara, ba a yanka ta ranar suna, ba a layya da ita, ba a sa ta cikin gadon da za a raba. 'Ya'yanta kyauta ake bayarwa, wani lokacin har da roƙo, in kuwa ba haka ba ita ce ta hauro katanga wata rana ta ga gidan ya yi mata, ta zauna. Tana kama ɓera a rumbu, tana korar ƙadangare daga madafa, yara na wasa da ita, tana cin ragowar tuwo da ƙashin kifi. Shekara biyar, shekara takwas, tana nan. Sai wata rana a lura ta rame, tana yawan zama a gindin randa, ba ta hawa katanga kamar da.

To a ce abin da ke cin wannan mage ƙari ne a ƙoda, irin wanda ko likitocin dabbobi ba sa cika haɗuwa da shi. Me ke kan mai gidan? Wajibi ne ya nemi sanin ciwon? In wajibi ne, har ina zai bi shi?

Na san akwai mai karatun da tuni ya yi tsaki. Zan zo kansa, domin tsakin nasa yana da hujja. Amma a fara ganin ciwon tukuna, don ba a yanke hukunci kan abin da ba a san siffarsa ba.

Ƙodar mage ba ta wuce girman ƙwarar dabino mai kyau ba, irin wanda ake sayarwa a Dutse lokacin kakarsa. Asalin magen gida kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar ƙasa mai ƙarancin ruwa, don haka ƙodarta ta ƙware wajen tattalin ruwa: tana matse fitsari ya yi kauri ƙwarai, mage ta rayu da ɗan abin da ta sha da wanda ke cikin naman da ta ci. Wannan gaɓa mai ƙoƙari ita ce kuma ta fi saurin gajiya idan mage ta tsufa. Lalacewar ƙoda a hankali na cikin cututtukan da suka fi kashe tsofaffin maguna a ko'ina a duniya. Ƙari kuwa, wato tsiro a jikin ƙodar, ba shi da yawa. A cikin wanda ake samu, mafi yawa shi ne limfoma, dajin da ke tasowa daga wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, kuma yakan kama ƙoda biyun gaba ɗaya ya kumbura su. A wasu magunan yana da alaƙa da wata ƙwayar cuta da William Jarrett ya gano a Jami'ar Gilasgo a 1964, wadda maguna ke ɗauka daga juna ta miyau, wajen lasar juna ko cizo ko ci a kwano ɗaya. Akwai allurar rigakafinta. Sai kuma dajin da ke tsirowa daga naman ƙodar kansa, wanda ya fi wancan wuyar gani nesa ba kusa ba, kuma yawanci ƙoda ɗaya yake kamawa.

Wannan bambanci na ɗaya da biyu shi ne kusan komai. Idan ƙoda ɗaya ce ta kamu, ɗayar na aiki, kuma ciwon bai yi tsalle zuwa huhu ba, ana iya fiɗa a cire mai ciwon, mage ta ci gaba da rayuwarta da guda ɗaya, kamar yadda mutum ke rayuwa da ɗaya. Idan limfoma ne a duka biyun, wuƙa ba ta da aiki. Sai magungunan daji, waɗanda sukan danne shi na ɗan lokaci, sau da yawa watanni, kuma irin wannan yana da halin zarcewa zuwa ƙwaƙwalwa da laka.

Matsalar ita ce daga waje duk kamarsu ɗaya: rama, ƙin abinci, amai, yawan shan ruwa da yawan fitsari, wani lokaci jini a fitsarin. Kuma mage gwanar ɓoye ciwo ce. Ƙaramar dabba ce da ke farauta ana kuma farautarta, nuna rauni a wurinta gayyatar mutuwa ne, don haka takan lallaɓa ta shige ƙarƙashin gado ta yi shiru. Mu kuma mu ce ai mage mai kwanciyar ɗaukar rai ce, barci take yi. Ita ma ƙodar tana taya ta ɓoyewa. Sinadarin da aka saba aunawa a jini, kiriyatinin, ba ya hawa ya wuce ƙa'ida sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikin ƙoda ya tafi. Sai a 2015 kamfanin IDEXX na Amurka ya fito da wani awon, SDMA, da ke nuna matsalar tun da sauran dama.

Yadda likita ke bin sawun ciwon kamar hawa tsani ne. Matakin farko hannu ne kawai. Cikin mage yana da taushi, ƙodarta kuma tana ɗan lilo, likitan da ya saba zai iya kama ta tsakanin yatsunsa ya ji ko ta kumbura, ko ta yi gudaje, ko ɗaya ta fi ɗaya. Daga nan sai awon fitsari da na jini. Sai sikanin, wanda ke nuna ko kumburin ƙari ne, ko ruwa ne ya taru saboda mafitsara ta toshe, ko ƙuraje ne masu ruwa irin na gado da aka san magunan Farisa da su. Sai a soka siririyar allura a zuƙo 'yan ƙwayoyi a shimfiɗa a gilashi a duba a madubin likita, wanda sau da yawa ya isa a gane limfoma. In bai isa ba a ɗebo ɗan nama, a ɗauki hoton ƙirji don a duba huhu. Akwai wani abin mamaki ma: ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jini, shi ya sa mai ciwon ƙoda ke ƙarancin jini dasashinsa ya yi fari. Amma wasu daga cikin waɗannan ƙari sukan fitar da sinadarin fiye da kima, jinin mage ya yi kauri, dasashinta ya yi ja wur. Wanda bai sani ba sai ya ce lafiya ce ta yi mata yawa.

Matakan farko na wannan tsani ana iya taka su a Dutse. Na sama kuwa sai an nufi inda ake da asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Daga Dutse a bi ta Wudil a shiga Kano, a sake ɗaukar hanya, da mage marar lafiya a kwali, wataƙila a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40.

Yanzu ga mai tsaki. Hujjarsa ita ce: a Jigawa kake maganar ƙodar mage? Jihar da yankin Haɗeja ya yi suna da yawan masu ciwon ƙoda, kamar maƙwabciyarsa Gashuwa a Yobe, har masu bincike na ta neman musabbabi a ruwa da ƙasa da abinci? Mai wankin ƙoda yana bukatar zama biyu ko uku kowane mako. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rangwame a wasu asibitocinta, daga kusan naira 50,000 kowane zama zuwa 12,000. Yi lissafi da kanka: zama biyu a mako, takwas a wata, naira 96,000 ke nan ko da rangwamen, alhali mafi ƙarancin albashi 70,000 ne. Shi ya sa sanarwar gwamnatin Jigawa ta wankin ƙoda kyauta ta zama babban labari, kuma ko da wankin kyauta ne, akwai kuɗin mota daga ƙauye, akwai magani, akwai ƙarin jini, akwai gonar da ba a nome ba. Je ka harabar asibitin Rasheed Shekoni da yamma ka ga 'yan jinya a kan tabarmi, sannan ka dawo ka ce mini za ka ɗauki shatar mota ka kai mage Zariya.

Wannan magana ba ta wasa ba ce, kuma wani masanin falsafa ɗan Ostareliya, Peter Singer, ya ba ta ƙarfi a wata maƙala ta 1972. Ya kawo misalin mutumin da ke wucewa ya ga yaro na nutsewa a kududdufi marar zurfi: zai ƙi shiga don kada tufafinsa su ɓaci? In ba zai ƙi ba, to me ya bambanta wannan yaro da wanda ke mutuwa nesa, wanda kuɗin wani abin marmari zai iya cetonsa? Da wannan ma'auni, duk nairar da aka kashe kan ƙarin mage an ɗauke ta ne daga bakin wani ɗan Adam. Abin sha'awa, shi dai wannan Singer ɗin ne bayan shekara uku, a 1975, ya rubuta littafin da ya fi kowane tayar da maganar haƙƙin dabbobi a zamaninmu, yana bin sawun Jeremy Bentham na Ingila, wanda tun 1789 ya ce abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin wahala, ba ko tana tunani ko magana ba. Mutum ɗaya ya riƙe igiyoyin biyu, bai ga sun ci karo ba.

Ni ma ina ganin ba su ci karo ba, amma dalilina daban ne, kuma ya fara ne da wani abu da na lura da shi a bakinmu. Ba mu cika tuna masu wankin ƙoda ba sai an ambaci dabba. Mutum zai canza waya ta dubu ɗari uku, ba wanda zai ce masa ga marasa lafiya a asibiti. Za a yi dina da kamu da ankon biki kala uku, ba mai kawo maganar Haɗeja. Dokin hawan salla yana cin gero da kanwa da harawa na abin da zai riƙe wani gida, muna tafa masa. Amma a ce an kai mage asibiti, nan take kowa ya zama mai kishin talaka. Kuma kuɗin da aka hana magen ba asibiti suke tafiya ba, aljihu suke komawa. Idan hujja ba ta fitowa sai ranar da za ta sauke mana nauyi, ya kamata a ɗan tuhume ta.

Duk da haka tuhumar mai magana ba ta rushe maganarsa. A ce da gaske ne: mutum na da naira dubu ɗari biyu, ɗan maƙwabcinsa na bukatar su don wanki, magensa na bukatar su don sikanin da fiɗa, kuma ba wata hanya. Nan babu dogon tunani, yaron ne. Ban san wani addini ko hankali da zai ce akasin haka ba, kuma wanda ya zaɓi magen a wannan hali akwai abin da ya lalace a zuciyarsa. Sai dai yawancin rayuwa ba a wannan mararraba ake yin ta ba. Abin da magen gidan Takur ko Fagoji ke bukata da farko bai kai kuɗin katin waya na wata ba, kuma ba a bakin kowa za a cire shi ba.

Daga ina ma haƙƙin nata ya taso, tunda ba ta da kasuwa? Duk ɗalibin islamiyya ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda mage: ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata a ƙasa ba, har ta mutu. Mun saba ɗaukar hadisin a matsayin gargaɗi kan mugunta, amma a duba da kyau, ba a ce matar ta doke ta ba. Laifinta ya ginu ne a kan tsarewa da kau da kai. Tun da ta shigar da magen ƙarƙashin ikonta, abin da da ba ruwanta da shi ya zama nata. Magen bola da ke yawo a bayan tasha tana da haƙƙin kada a cuce ta. Wadda ta shekara takwas tana tsare maka rumbu, ta saba da muryar 'ya'yanka, ta manta yadda ake rayuwa a waje, tana da fiye da haka. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai ruwayar Abu Ƙatada, wanda ya karkata wa mage ƙwaryar alwalarsa ta sha, ya kafa hujja da cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa ta cikin masu kai-kawo a tsakaninmu a gida. Wato 'yar gida ce. Shi kuwa Izzuddin ɗan Abdussalam, malamin da ake wa laƙabi da Sarkin Malamai, wanda ya rasu a Alƙahira a 1262, da ya zo lissafa haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ya sa ciyar da ita ko da ta tsufa ko ta yi rashin lafiyar da ba a ƙara amfana da ita. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya raba haƙƙi da ciniki. Kulawar da muke ba rago a Shuwarin ciniki ce, kuma ba laifi. Mage ce ke gwada ko akwai wani abu a wurinmu bayan cinikin.

To, an yarda akwai haƙƙi. Shin ya haɗa da sanin sunan ciwon? Nan ne nake rabuwa da masu ganin cewa ƙauna ita ce a bi kowane gwaji har ƙarshe.

Ga ɗan Adam, sanin sunan ciwo kansa wani abu ne. Wanda ya shekara yana yawo tsakanin kemis da mai magani, ana ce masa sammu ne, ana ce masa shawara ce, ranar da likita ya ce masa ga abin da ke damunka yakan ji wani sauƙi ko da labarin ba daɗi. Zai daina zargin kishiyar uwarsa. Zai biya bashi, ya nemi gafara, ya yi wasiyya. Mage ba ta da ko ɗaya cikin waɗannan. Sunan ciwo ba ya rage mata komai, ba ta kwana tana tunanin wata shida masu zuwa. Abin da take da shi yau ne: tashin zuciya, ƙishirwa, ciwo a kwiɓi, da tsoron kwali da ƙarar mota da hannun baƙo. Duk gwajin da za a yi mata ita ke biyan rabin kuɗinsa da jikinta, ba a kuma nemi izininta ba. Saboda haka ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a tambayi likita kafin kowane mataki: in sakamakon ya fito kaza, me za mu yi, in ya fito akasin haka, me za mu yi? Idan amsa biyun ɗaya ce, gwajin don mu ne, don ƙwaƙwarmu ko don mu ji mun yi ƙoƙari, kuma bai kamata a ɗora mata wahalarsa ba. Mage mai shekara goma sha huɗu da ƙoda biyu a kumbure, wadda mai ita ba shi da halin jigilar maganin daji mako-mako, kai ta Zariya don a tabbatar da sunan limfoma ƙarin azaba ne da aka yi wa ado. Amma mage mai shekara shida, da kumburi a gefe ɗaya, tana ci tana sha, mai ita kuma na da hali ba tare da ya tauye iyalinsa ba, wannan sikanin zai iya zama bambanci tsakanin wata biyu da shekaru. Shi kam ya tafi, kuma kada ya ji kunyar direban da zai tambaye shi me ke cikin kwalin.

Inda neman magani ya wuce gona da iri ma akwai shi, kuma waɗanda suka yi nisa a harkar sun ci karo da iyakarsa. Tun shekarun 1980 aka fara dashen ƙoda ga maguna a Jami'ar Kalifoniya reshen Davis. Sai tambaya ta taso: wa zai ba da ƙodar? Wata mage ce lafiyayya, marar gata, da ba ta ce ta yarda ba. Mafitar da asibitocin suka samu ita ce a shar'anta wa mai magen cewa dole ya ɗauki wadda aka ciri ƙodarta ya riƙe ta har ƙarshen rayuwarta, ko tasa ta rayu ko ta mutu. Ya shiga da ɗaya ya fita da biyu. Wasu likitocin har yau ba su gamsu ba, suna ganin gida da abinci ba su zama farashin gaɓa ba. Ni dai abin da ya ja hankalina shi ne sun koma kan ƙa'idar hadisin nan ba tare da sun sani ba: wadda ka sa hannu a rayuwarta ta zama taka.

Mu a nan ba wuce gona da iri ne matsalarmu ba. Tamu ita ce buhu. Kowa ya san yadda ake yi: mage ta tsufa ko ta fara amai a ɗaki, sai a sa ta a buhu a ba almajiri ko ɗan acaɓa, a ce ya kai ta bayan duwatsu ko hanyar Kiyawa ya sake ta. Har muna da labarin da ke wanke mu, wai mage rai tara gare ta, duk inda aka kai ta za ta rayu, wataƙila ma ta riga ka dawowa gida. Lafiyayya kan iya. Mai ciwon ƙoda, wadda jikinta ba ya riƙe ruwa, a rana irin ta Dutse, ƙishirwa ce za ta kashe ta, kuma ba a sa'a ɗaya ba. Ban ga bambanci mai yawa tsakanin wannan da abin da matar hadisin ta yi ba. Ita ta rufe ƙofa da magen a ciki, mu mun rufe da ita a waje bayan mun san ba za ta iya ba.

Akwai kuma cutar da ake yi da kyakkyawar niyya. Uwar gida ta ga magenta na jin jiki, tausayi ya kama ta, ta ɓallo rabin Panadol ta jiƙa ta ɗura mata. Hantar mage ba ta da isasshen sinadarin da ke narkar da farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta: jininta ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibufurofen kuwa ƙodar kai tsaye suke bugu. A irin wannan wuri jahilci ba ya tsayawa a matsayin rashin sani kawai, hannu yake da shi. Shi ya sa na ce akwai gwargwadon sanin da yake wajibi, ko da bai kai sunan ƙari ba: wanda zai hana ka cutar da ita, da wanda zai nuna maka tana cikin ciwo.

Na biyun ma ana koyonsa. A 2019 masu bincike a Jami'ar Montiriyal ta Kanada suka fitar da ma'aunin gane ciwo a fuskar mage, kuma ba ya bukatar na'ura. Ana duba kunnuwa, ko sun miƙe gaba ko sun baje gefe. Idanu, ko a buɗe suke ko a tsuke. Baki, ko a sake yake ko a ɗaure. Gashin baki, ko ya lanƙwasa a sake ko ya miƙe ya taru gaba. Da kai, ko yana sama da kafaɗa ko ya sunkuya ƙasa. Mutumin da ya iya gane ragon da ke ɓoye ɗingishi a tsakiyar hayaniyar kasuwa ba zai kasa wannan ba. Idon yana nan, ba a dai taɓa juya shi wajen ba.

Kuma ido ɗaya ne. Akwai wani dajin ƙoda na ƙananan yara, yawanci 'yan ƙasa da shekara biyar, da ake kira da sunan Max Wilms, likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1899. Sau da yawa uwa ce ke fara gano shi, tana yi wa yaro wanka hannunta ya ji wani tauri a gefen ciki. A ƙasashe masu hali kusan tara cikin goma na irin waɗannan yara suna warkewa. A ƙasashenmu adadin ya yi ƙasa sosai, kuma babban dalili shi ne zuwa asibiti a makare, bayan an gama cewa saifa ce ko ciwon iska. Ba ina cewa kula da mage zai ceci yaro ba ne. Abin da nake cewa shi ne gidan da aka saba tsayawa a duba wanda ba ya iya faɗin ciwonsa, jariri ne ko tsohuwar da ta rikice ko dabba, ba ya rarraba wannan ɗabi'a kashi-kashi, kuma tausayi ba gero ba ne da in an ɗiba wa mage zai ragu a mudun yaro.

Saura abin da ya fi nauyi. An kai ta wurin likita, ya taɓa ya ji ƙoda biyu sun kumbura, ya ce ba abin da za a yi a nan, can ma sai dai jinkiri. Akwai sauran aiki: ruwa mai sanyi a kwano biyu ko uku inda ba sai ta yi tafiya ba, abinci mai laushi, inuwa, a hana yara ɗaukarta, ruwan da likita kan sa a ƙarƙashin fata, da maganin amai da na ciwo wanda aka yi don irinta. Da wannan wata mage kan samu makonni masu daɗi. Amma rana na zuwa da za ta daina ci gaba ɗaya, bakinta ya yi gyambo, ta kasa tashi daga fitsarinta. Malamai sun yi saɓani kan abin da ya halatta a nan. Shafi'awa sun hana kashe dabbar da ba a cin namanta don a hutar da ita. Malikawa, waɗanda mazhabarsu muke bi a wannan ƙasa, sun halatta idan an fid da rai da ita, kuma mas'alar na cikin Muhtasar na Shehu Halilu da ake karantawa a zaurukanmu. Kowane ɓangare tsoron Allah ne ya kai shi ga ra'ayinsa, ɗaya na tsoron ɗaukar ran da ba a ba shi izini ba, ɗaya na tsoron zuba ido ga azabar da zai iya yankewa. Ni na fi karkata ga na biyun, da sharaɗin likita ne ya tabbatar an kai wannan matsayi, ba gajiyar mai gida da wanke ɗaki ba, domin su biyun suna kama da juna ƙwarai a zuciyar mutum, kuma shi kaɗai ya san wanne ne ke magana.

Likitocin dabbobi suna da allurar da ke sa dabba barci mai nauyi, zuciya ta tsaya cikinsa ba tare da ta ji ba. A Dutse wanda za a nema don wannan yawanci likita ne da ranarsa ke ƙarewa a kan shanu da awaki da kaji, don su ake kiransa a kansu. Sai an je an same shi an yi masa bayani, a kuma tambaye shi ko zai iya zuwa gida, saboda kada tafiyarta ta ƙarshe ta kasance a cikin kwali.